Shekara biyu da rabi ina yoga a Maisur, na isa in koyar?

Baƙon Maisur ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo, don idan ban faro daga tushe ba, ba za ku ga inda gizo ke saƙar ba.

Karatu ne ya kawo ni Maisur, a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, tafiyar awa biyu zuwa uku a jirgin ƙasa daga Bangalo. Na zo da tsohon ciwon baya da na samu tun wata faɗuwa da na yi a kan babur a gida, doguwar tsayuwa a ɗakin gwaje-gwaje kuma ta fama mini shi. Har ta kai idan na yi ruku'u sai na ɗan jima dafe da gwiwa kafin in iya ɗagowa. Likita ya duba ya ce babu karaya babu gocewa, in nemi motsa jiki. Mai gidan da nake haya, wani dattijon Bahindu mai yawan fara'a, shi ya sa ni gaba har wurin wani malamin yoga a bayan layinmu.

Sai daga baya na san garin da na faɗo. Ashe Maisur ce mahaifar salon da ake kira Ashtanga. A nan wani babban malamin yoga, Krishnamacharya, ya koyar a fadar Jaganmohan a shekarun 1930, sarkin garin na lokacin, Krishnaraja Wodeyar na huɗu, yana ɗauke da nauyinsa. Almajirinsa Pattabhi Jois ya buɗe tasa makarantar a cikin gidansa a unguwar Lakshmipuram a 1948, ya mayar da ita Gokulam a 2002, ya mutu a 2009. Har gobe idan ka bi ta Gokulam da hantsi za ka ga Turawa, kowa da tabarmarsa a naɗe a bayan babur, sun yi dandazo wurin mai sayar da ruwan kwakwa. Malamina dai ba mai suna ba ne. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, tabarma goma sha biyu ta cika shi, fanka ma a kashe take don gumin ake so.

Ranar farko da na leƙa sai na ji kamar na taɓa sanin wurin. Babu mai tsayawa a gaba yana ba da umarni. Kowa yana kan tabarmarsa yana nasa, wani ya yi nisa, wani yanzu ya fara, ba ka jin komai sai numfashi kamar maƙeri na zuga, malam kuma yana zagayawa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya babu gyara, kuma ba ka wanke allo don kawai ka gaji da ganinsa. Ba abin da ake karantawa nake kwatantawa ba, Allah ya tsare, tsarin nake nufi.

Makon farko abu ɗaya aka ba ni, wanda suke kira Surya Namaskara, wato gaisuwar rana. Motsi tara ne, kowanne da numfashinsa, ka maimaita sau biyar, ka kwanta, ka tashi ka tafi gida. Minti goma sha biyar ke nan. Na ce a raina mutumin nan cin kuɗina kawai zai yi. Da tafiya ta miƙa aka riƙa ƙara mini ɗaya bayan ɗaya. Kowane zama ko tsayuwa numfashi biyar ake yi a cikinsa ta hanci, ido kuma yana da inda ake ajiye shi, ko kan hanci, ko babban yatsa, ko cibiya. Kwana shida a mako, ban da ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya. Ni bayan sallar asuba nake zuwa, rukuni na biyu. Da azumi kuwa rabi nake yi a ɗakina kafin shan ruwa.

Jeri shida ne gaba ɗaya, ni har yanzu ina cikin na farko, wanda suke kira Yoga Chikitsa, ma'ana jinya. Akwai wani zama a tsakiyarsa, Marichyasana na huɗu. Ka ɗora ƙafar hagu a kan cinyar dama, diddige ya tokari mara, ka tanƙwashe ƙafar dama gwiwa na kallon sama, ka murɗa jiki dama, ka zagaye gwiwar da hannun hagu har ka kamo ɗaya hannun ta baya. Wata bakwai na yi a nan. Kullum in kai wurin, yatsuna su kasa haɗuwa, malam ya dube ni ya ce gobe. Waɗanda suka zo bayana suka wuce ni ina kallo. Shawara ɗaya ya taɓa ba ni a duk watannin nan: in rage biryanin dare. Ranar da yatsun suka haɗu ina jiran yabo, sai ya gyaɗa kai kawai ya nuna mini na gaba. Yanzu an sake tsayar da ni a wani da ake kira kunkuru mai barci, wata na huɗu ke nan.

Baya dai alhamdu lillahi, na manta rabon da ya tashe ni da dare.

To ga matsalar. Saura wata huɗu in gama in dawo gida. Abokina yana da wurin motsa jiki a Kaduna, ya ce in zo in buɗe aji, amma in taho da takardar shaida da za a manna a bango. A nan kwas na wata ɗaya, awa 200, ya fi a ƙirga, da yawa suna ɗauke da tambarin Yoga Alliance, wata ƙungiya ta Amurka. Na ga wadda ta zo ba ta iya taɓa yatsun ƙafarta, bayan sati huɗu ta koma ƙasarsu a matsayin malama. A gidan Jois kuwa sai mutum ya yi shekaru yana zarya kafin a ba shi izini, kuma ba a roƙa, malam ne ke ganin dama. Nawa malamin ma ba ya ba da takarda kwata-kwata.

Abu na biyu shi ya fi hana ni barci. Kafin a fara, suna haɗa tafin hannu su rera wasu baitoci da Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu. Na nemi fassara. Rusunawa ce ga ƙafafun malamai, sannan ga Patanjali, wanda ake danganta wa tsohon littafin yoga, an siffanta shi da kawuna dubu farare, riƙe da ƙahon kodi da faifai da takobi. Tun ranar nake tsayawa shiru hannuna a sake har su gama, malam bai taɓa tanka mini ba. Amma sunan gaisuwar rana fa? Yayana ya tambaye ni a waya, "Wai da gaske rana kake yi wa sujada?" Idan na zubar da baitocin, na canza sunan, abin da ya rage Ashtanga ne ko wani abu ne na ƙago? Masu abin na cuta, ko mutanena zan cuta?

Tsohon Ɗalibin Aligarh ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ba mufti ba ne, tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Aligarh ta Indiya tun ba a haife ka ba. Abin da na sani zan faɗa maka, hukunci kuma na masu shi ne.

Ba kai ne Musulmin farko da ya leƙa ɗakin nan ba. Kusan shekara dubu da suka wuce masanin nan Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali ɗin nan zuwa Larabci. Ya karanta don ya sani, ya bayyana abin da mutanen suka yi imani da shi ba tare da ya yi musu ƙarya ba, kuma bai bar addininsa ba. Idan ka buɗe littafin za ka yi mamaki. Gajerun jumloli ne kusan 196, uku kacal ke magana kan zaman jiki, kuma abin da suka ce bai wuce zama ya kasance tabbatacce mai sauƙi ba. Babu kunkuru a ciki, babu murɗe-murɗe. Kalmar ashtanga kanta gaɓoɓi takwas take nufi, zaman jiki shi ne na uku, na farko da na biyu tarbiyya ce, kamar barin cutarwa da gaskiya da barin sata, ƙarshen tafiyar kuma wani hali ne na ruhi da ya ginu a kan aƙidarsu. Saboda haka mai cewa yoga motsa jiki ce zalla bai yi wa Hindu adalci ba. Abinsu ne, kuma da addini a ciki.

Amma jerin motsin da kake yi ba tsoho ba ne kamar yadda ake kambama shi. Jois ya ce daga wani littafi mai suna Yoga Korunta aka ciro shi, da aka nemi littafin aka ce tururuwa ta cinye, har yau babu wanda ya fito da shi. Gaisuwar ranar ma sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ne ya yayata ta a shekarun 1920 a matsayin atisayen lafiya, kuma 'yan kokawar Indiya suna da wani motsi mai kama da rabinta da suke kira dand. Sai dai wasu makarantun suna haɗa ta da kiran sunayen rana goma sha biyu. Wannan kam bauta ce, babu kwana-kwana.

A nan malaman duniya suka yi ta jan layi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, sai firaministan ƙasar ya fito ya ce ana iya yi muddin babu rere-reren bauta. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta haramta mai ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wadda atisaye ce kawai. Gwamnatin Indiya da kanta, a bikin ranar yoga ta duniya na farko, 21 ga Yuni 2015, ba ta sa gaisuwar rana a cikin shirin ba bayan ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi. Saudiyya kuma ta sa yoga cikin wasanni a 2017.

Kada ka raina tambayar yayanka. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai fitowar rana don kada mu yi kama da masu bauta mata, dole kunnenmu ya tsaya idan muka ji suna irin wannan. Baitocin dai ka ci gaba da barinsu, wannan ba abin ciniki ba ne. Sunan kuwa, idan ka canza, ka canza a fili: ka gaya wa mutane daga ina abin ya fito, me ka ɗauka, me ka ajiye. Kada ka yi rufa-rufa wani ya tono daga baya. Kuma idan ka dawo ka je wurin malamin da kuka yarda da shi kai da yayanka, ka shimfiɗa tabarma a gabansa ka yi ya gani da idonsa. Ta waya ba a gane irin wannan.

Ɗan Kasuwar Kurmi ya amsa:

Malam Baƙo, faɗi gaskiya, hanyar abinci kake nema. Kakanninmu da fartanya da tafiyar ƙasa da salla biyar suka kai tamanin, babu wanda ya naɗe su kamar gammo. Wa zai biya kuɗi a Kaduna a ce masa ya zo gobe har wata bakwai? Sati biyu za su watse su bar ka da tabarmi.

Uwar Biyu, mai gashin ƙashi, ta amsa:

Ƙanena, maganar addini Baba ya yi ta, ni ta gwiwa zan yi, don ita nake gani kullum a wurin aiki.

Gwiwa kamar ƙyaure take, buɗewa da rufewa ne babban aikinta, murɗawar da take iya ɗauka kaɗan ce. Wannan zaman da ka yi wata bakwai a kansa, juyawar daga gaɓar ƙugu ya kamata ta fito. Idan ƙugu ya ƙi, mutum ya kama ƙafa ya ja da ƙarfi ya ɗora a cinya, murɗawar sai ta sauka a kan guringuntsin da ke cikin gwiwa. Shi kuma idan ya yage ba ya saurin warkewa, wani sai an yi masa aiki. Malaminka da ya ƙi yi maka ƙari, gwiwarka ya tsare maka, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Yanzu ka zauna ka hango waɗanda za su shigo ajinka. Ba samari irinka ba ne. Alhaji ne mai shekara hamsin da biyar da tumbi da hawan jini, wanda likita ya tsorata shi satin da ya wuce. Ma'aikacin banki ne da ya shekara ashirin a kan kujera. Waɗanda Krishnamacharya ya koya wa wannan tsalle-tsallen a fada yawancinsu yara maza ne. Shi kansa da ya koma Madras ya riƙa daidaita wa kowane mutum gwargwadon jikinsa da shekarunsa. Ɗaya almajirin nasa, Iyengar, a Pune, ya shigo da bulo na katako da ɗamara da bargo don wanda hannunsa bai kai ƙasa ba a kawo masa ƙasar kusa. Na yi wata uku a Bangalo ina jinyar mahaifiyata, na shiga ajin mata na irin wannan salon, na ga tsohuwa mai sanyin ƙashi tana yi da kujera. Ka je ka ga irinsa kafin ka bar ƙasar.

Ka san wanda bai kamata ya tsaya da ka ba? Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, mai hawan jinin ido, mai ciwon wuya. Ka san tambayar da za ka yi wa mutum kafin ya taka tabarma? Idan wani ya yanke jiki ya faɗi, ka san abin yi kafin a samo mota? Wannan nake so ka koya, takardar bango ta biyo baya. Idan dole sai takarda, gwamnatin Indiya tana da hukumar jarrabawar yoga a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH mai kula da yoga da magungunan gargajiya, ka bincika sharuɗɗanta.

Sai abu ɗaya da ba ka ambata ba. A salon naku malam yana gyara almajiri da hannu, wani lokaci har da nauyin jikinsa. Bayan mutuwar Jois mata da dama sun fito, musamman daga 2017, suka ce ya riƙa taɓa su inda bai dace ba da sunan gyara, kuma a 2019 jikansa Sharath, wanda ya gaje shi, ya amsa cewa ya ga irin wannan, ya nuna nadama. Shekaru ana gani ana shiru saboda girman malam. Kai dai ka bar ajin mata ga mata. Mazan ma kada ka ɗora wa kowa hannu sai ka tambaye shi.

Baƙon Maisur ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta naka sau uku, na tura wa yayana, ya ce sai na dawo. Ɗan Kurmi, ban musa ba, da maganar abinci a ciki. Wanda ya dawo da digiri ba aiki a hannu ba ya raina ƙofa.

Na yi shiru sati biyar ne don na bi shawarar da babu wanda ya ba ni a cikinku: na je na tambayi mai abin. Na same shi bayan aji a kan matakalar bene yana shan kofi a ɗan kofin silba. Na zayyana masa komai, har da baitocin. A kan wannan bai ja ba, ya ce shekara biyu da rabi ya taɓa ce mini in rera? Na ce a'a. Ya ce to. Da na zo kan koyarwa sai ya ajiye kofin ya tambaye ni: dattijon da ke shimfiɗa kusa da taga, wace gwiwa ce ke damunsa? Wallahi ban sani ba. Kullum tabarmarsa tana kusa da tawa, har gaisawa muke yi a bakin ƙofa wurin takalma.

Ya ce daga gobe idan na gama nawa kada in tafi. In tsaya jikin bango a rukuni na ƙarshe, hannuwana a baya, ba magana, ba taɓa kowa, wata guda.

Kwanakin farko gyangyaɗi na yi ta yi a tsaye. Daga baya ido ya fara buɗewa. Na lura malam ba ƙafar mutum yake fara kallo ba, sauraro yake yi. Da numfashin wani ya fara yankewa ko ya riƙe shi, kafin ma fuska ta yamutse, ya iso kansa. Na ga dattijon nan na taga, ta dama ce ashe, ba ya ɗora ƙafar a cinya sam, a ƙasa yake ajiye ta, kuma ɗan tawul yake kamawa ta baya maimakon hannu, malam ne ya ba shi. Ni da aka tsare wata bakwai a wurin, shi an bar shi ya wuce da tawul. Na tambaya, ya ce ni ƙuguna zai buɗe idan na jira, shi nasa ba zai buɗe ba, jiran me zai yi? Yaya Uwar Biyu, na tuna da ke a nan.

Shekaranjiya wani yaro ya zo sabo, ɗan shekara goma sha tara, malam ya yafito ni ya ce in nuna masa gaisuwar farko. Abin da na yi sau dubbai. Da Sanskrit ake ƙirga motsin. Ekam, ja numfashi, ɗaga hannu. Dve, saki, sunkuya. Trini, ɗago kai. Ina kaiwa na huɗu na ga yaron ya zube da ciki kamar buhu, ƙugu ya lotsa, na rasa kalmar da zan gaya masa. Jikina ya san yadda ake yi, bakina bai sani ba. Na miƙa hannu zan ɗago shi, malam ya yi gyaran murya daga can ƙarshen ɗaki, na janye. Ya zo ya ce wa yaron ya sa gwiwa a ƙasa tukuna, shi ke nan, abin ya gyaru.

Na kira abokina na Kaduna na ce kwas ɗin wata ɗaya ba zan yi ba, bangon ya haƙura. Idan ya yarda zan fara da maza biyar, ba fi ba, tsayuwar farko-farko kawai, babu naɗe ƙafa babu tsayuwa da ka, kuma da ɗaya biyu uku zan ƙirga musu. Ya ce mutum biyar ba za su biya kuɗin man janareto ba. Muna nan muna ja. Sunan da zan ba abin har yanzu ban samo ba, na bar shi sai mun zauna da malamin unguwarmu kamar yadda Baba ya ce. Na kuma yi rajistar koyon taimakon gaggawa na kwana biyu a nan cikin gari.

Tambaya ɗaya ta rage, ga duk wanda ya san kayan saƙa. Tabarmar roba santsi take yi idan gumi ya sauka, shi ya sa a nan ake shimfiɗa wani ɗan bargon auduga mai kauri a kanta, a yayyafa masa ruwa ya kama tafin hannu. Guda biyar za su cinye mini rabin nauyin kayan jirgi. Gwadon saƙi na gida zai yi wannan aikin, ko zai tattare a ƙarƙashin ƙafa?